Ruwan Tiga da mudun da kowa ya yarda da shi

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. A yi karatu lafiya.

Gaisuwa ta musamman ga manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, da mutanen Kadawa, da 'yan tumatir na Kwanar Gafan, da masu injin casar shinkafa da na san yanzu haka wasu a cikin ƙarar inji suke jin mu. Allah ya sa wa nema albarka.

Yau maganar kwamfuta za mu yi. Amma kada wanda ya tashi, don wallahi maganar ruwa ce, ruwan da yake zuwa gonarka ko ya ƙi zuwa.

Bari in fara da Baffana. Gonarsa tana can ƙarshen wani ƙaramin kanal, wato shi ne na kusan ƙarshe a layi. Wata shekara da sanyi na je gaishe shi, alkama ta fara fitar da kai, lokacin da ba ta son ƙishirwa ko kaɗan. Ranar tasa ce ta ban ruwa. Tun hantsi muke zaune a bakin kanal, ya jera bututunsa yana jira. Ruwa bai iso ba sai bayan la'asar, shi ma ɗan siriri, ko rabin gonar bai jiƙa ba magariba ta yi. Da muka tashi tafiya sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ku da kuka yi boko, wai wa yake raba ruwan nan? Kuma da wane mudu yake aunawa?"

Na ce, "Baffa, ai lissafi ake yi."

Ya ce, "To lissafin nan ya san da ni?"

Ban ba shi amsa ba a ranar. Shirin yau ƙoƙari ne na ba shi amsa.

To mu fara bin ruwan tun daga tushe. Madatsar Tiga an gina ta a kan Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974. Daga nan ruwa yake bin babban kanal, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da reshen yamma, ya shiga ƙananan kanal har ya iso gona. Babu injin da yake turo shi, gangara ce kawai, kuma wannan yana cikin abin da ya sa aikin ban ruwa na Kogin Kano ya yi suna. An tsara kashin farko zai kai hekta 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce mai kula da shi.

Amma ruwan nan ba namu ne mu kaɗai ba. Birnin Kano yana sha daga kogunan nan. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a wajen Ƙaraye. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. A can ƙasa akwai aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja a wajen Auyo, akwai fadamun Haɗeja da Nguru inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suke jiran ambaliyar kowace shekara, sannan Gashuwa, sannan Komadugu Yobe har Tafkin Cadi. Kun ga ke nan duk wanda ya murɗa ƙofar ruwa a Tiga, ya taɓa tukunyar wani a Yobe. Abin ya kai a 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato, suka zauna a Damaturu kan maganar kogunan nan, aka kafa asusun kula da su.

To ta yaya mutum zai san abin da zai faru idan ya saki ruwa kaza a wata kaza? Ba za ka yi gwaji da gonakin mutane ba. Ba za ka ce bari mu rufe Tiga wata guda mu ga abin da zai faru a Nguru ba. Nan ne manhajar kwaikwayo take shigowa.

Mece ce manhajar kwaikwayo? Ku ɗauka kamar yaran da suke gina kanal na wasa da laka a bakin rafi, su zuba ruwa su ga inda zai bi. Haka take, sai dai ita da lissafi aka gina ta a cikin kwamfuta. Ka gaya mata girman tafki, da ruwan saman da aka yi, da zafin rana, da irin ƙasa, da abin da aka shuka, ita kuma ta gaya maka: in ka yi kaza, ga abin da zai biyo baya. Ka yi kuskurenka a cikin kwamfuta, ba a gonar Baffa ba.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne a koginmu. Tun shekarun 1990 masana irin su Ted Hollis da Julian Thompson na wata jami'a a Landan suka gina irin wannan kwaikwayo na fadamun Haɗeja da Nguru, don a ga yadda madatsun sama suke rage ambaliya a ƙasa. Masanin tattalin arziki Edward Barbier ya ɗora nasa lissafin a kai, suka nuna cewa in aka auna abin da kowane ma'aunin ruwa yake samarwa, amfanin da fadama take bayarwa, kifi da itace da noma, ba abin rainawa ba ne, har ya fi na ban ruwan sama. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba a nan Kura, amma gara mu san abin da aka rubuta a kanmu.

Yauwa. Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Manhajojin nan suna da yawa, kuma kowacce da fanninta. Akwai wadda ta san ruwan sama da yadda yake gangarowa cikin kogi, kamar SWAT da aka yi a Amurka. Akwai wadda ta san rabon ruwa tsakanin birni da gona da kogi, kamar WEAP. Akwai waɗanda suka san ƙishirwar shuka, kamar CROPWAT da AquaCrop na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai masu lissafin gudun ruwa a cikin kanal, akwai masu lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa da 'yan tiyubwel suke zuƙa. Kowacce gwana ce a ɗakinta. Amma ka ce su yi magana da juna, sai ka ga kamar ka haɗa Bahaushe da Basine ba tafinta.

Me ya sa? Ɗaya tana lissafi da kwana, ɗaya da awa, ɗaya da wata. Ɗaya tana ganin duniya a matsayin gona-gona, ɗaya tana ganin ta a matsayin dogon layin kanal. Ɗaya tana auna ruwa da milimita, ɗaya da lita a kowace daƙiƙa. Kuma kowacce da irin fayil ɗinta da ɗayar ba ta iya buɗewa.

Bari in ba ku labarin kunyar da na sha da kaina, lokacin ina ɗalibi. An ba ni aikin lissafin ruwan da wani yanki na gonaki yake buƙata. Manhaja ta farko ta ce shukar tana shan milimita 6 a kwana. To ku riƙe wannan: milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ce, wato jarka 400 mai cin lita 25. Milimita 6 ke nan lita 60,000 a kwana. Na ɗauki wannan da hannu na kai wa manhaja ta biyu mai lissafin kanal. Na raba shi a kan awa 24, ya ba ni kusan lita 0.7 a daƙiƙa ga kowace hekta. Lissafi ya yi kyau, na buga, na kai. Malamina ya duba ya ce, "Manoman naka da tsakar dare ma ban ruwa suke yi?" Sai a lokacin na farga. In awa 12 ake ban ruwa, to kanal sai ya ɗauki ninki biyu, kusan lita 1.4. Wato da da lissafina aka yi aiki, rabin ruwan da ake buƙata za a aiko. Kuma kun san wa zai rasa? Ba na farkon layi ba. Na ƙarshe. Baffa.

Manhajojin biyu babu wadda ta yi kuskure. A tsakaninsu aka yi ɓarin, wurin miƙa hannu. Kuma kada ku ce ai ɗalibi ne. A 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbo sukutum da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangaren manhajar yana bayar da lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya ɓangaren yana karanta shi a matsayin ma'aunin mita. Mu ma muna da namu a nan: manomi yana magana da eka, takarda tana magana da hekta, alhali hekta 1 kusan eka biyu da rabi ce.

To mene ne maganin? Abu biyu ne a gaban masana. Ko dai a rushe komai a gina ƙatuwar manhaja guda ɗaya da ta san komai, wanda tsada ne kuma ba ya ƙarewa. Ko kuma a bar kowa da gwanintarsa, amma a yarda da ƙa'ida ɗaya ta wurin haɗuwa.

Manomin rani ya fi kowa sanin wannan. In ka sayi injin ban ruwa mai inci uku, ba ka tambayar wane kamfani ne ya yi tiyo. Inci uku inci uku ne, ka ɗaura ka tayar. Injin ya lalace, ka canza inji, tiyonka yana nan. Ku tuna kuma zamanin da kowace waya da irin cajarta, gida ɗaya caja biyar. Yanzu mafi yawa sun koma baki ɗaya, har Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin wayoyi daga ƙarshen 2024. Wannan shi ne ƙa'ida ta bai ɗaya. Abin da ake so ke nan a yi wa manhajojin kwaikwayo: kowacce ta zama sashe da za a iya cirewa, a ɗaura a wani wuri, a sake amfani da shi.

Yanzu ga labarin yadda aka yi. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta kafa dokar ruwa da ta ce dole a riƙa kula da kogi gaba ɗayansa, daga tushe har bakin teku, ba kowace ƙasa ko kowace hukuma ta kama gefenta ba. Da aka zo aiwatarwa sai aka ga irin matsalar da na faɗa: manhajoji ba sa jin yaren juna. Sai aka kafa wani aiki mai suna HarmonIT, daga 2002 zuwa 2005. Cibiyar nazarin muhalli da ruwa ta Wallingford a Ingila ta jagoranta, tare da manyan gidajen manhajar ruwa, DHI na Denmak da Delft Hydraulics na Holan, wanda yanzu yake cikin Deltares, da wasunsu. Ku lura fa, waɗannan kishiyoyin juna ne a kasuwa, kowa yana sayar da tasa manhajar. Amma suka zauna teburi ɗaya, don sun gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fito shi ne OpenMI, wato buɗaɗɗiyar hanyar haɗa manhajojin kwaikwayo.

Me ƙa'idar ta ce? In na sauƙaƙa, ta ce duk sashen da yake son shiga dole ya iya amsa tambayoyi huɗu. Ta farko: me kake bayarwa, kuma me kake buƙata? Ta biyu: da wane ma'auni? Ta uku: a ina, wace gona, wane gefen kanal? Ta huɗu: yaushe, wace rana, wace awa? Kuma ya amsa su ta hanya ɗaya da kowa ya sani.

Sannan yadda suke aiki tare, tambaya ce da amsa, suna cikin tafiya. Mu kawo shi gida. Sashen kanal ya zo ranar 10 ga Janairu, sai ya juya ya tambayi sashen shuka: alkamar yankin kaza lita nawa take so yau? Sashen shuka ya ce dakata, ya tambayi sashen yanayi: yau zafi da iska yaya? Ya karɓa, ya yi lissafinsa, ya miƙa wa kanal. Kanal ya tambayi sashen tafki: kana da shi? Haka za a yi ta yi kwana bayan kwana har kaka. Babu ɗalibin da zai kwafi lamba da hannu ya manta da dare. In ma'auni ya bambanta, an tanadi wurin da za a juya shi, a fili, kowa yana gani.

Wani abin da ya yi mini daɗi, ba a ce a zubar da tsofaffin manhajoji ba. Manhajar da aka yi shekara ashirin ana gyara ta, an san halinta, sai dai a ɗinka mata riga. Cikinta yana nan yadda yake, rigar ce take magana da waje da yaren da aka yarda da shi.

To rubuta ƙa'ida daban, amincewa da ita daban. Nan ne darasin da nake so mu ɗauka. Bayan 2005 ba su ce an gama ba. Suka sake wani aikin, OpenMI-Life, suka kai ƙa'idar gwaji a koguna na gaske, Kogin Scheldt da ya ratsa Beljiyam da Holan, da Kogin Pinios a Girka, tare da hukumomin da suke kula da kogunan. A 2007 aka kafa ƙungiya ta musamman da za ta riƙe ƙa'idar, don kada kuɗin aiki ya ƙare ita ma ta mutu, abin da mu a nan mun san shi sarai. Abin da gwaji ya tona na rauni aka gyara, aka fitar da zubi na biyu a 2010. Sannan aka ɗauke ta aka kai gaban wata ƙungiya ta duniya mai suna OGC, wadda aka kafa a 1994, mai fitar da ƙa'idojin taswira da bayanan wurare. In ka taɓa buɗe fayil ɗin KML a Google Earth, to ka yi amfani da ƙa'idar da ta bi ta hannunsu.

A can ba a sa hannu don ana jin kunyarka. Kwamitin aiki zai zauna a kan daftarin. A baza shi a fili, kowa a duniya ya karanta ya kawo suka. A bi sukar a amsa. Sannan mambobi su jefa ƙuri'a. A 2014 aka amince da OpenMI zubi na biyu a matsayin ƙa'idar OGC. Ku lissafa: daga 2002 zuwa 2014, shekara 12. Yaron da aka haifa ranar da aka fara, ya gama firamare kafin a gama.

Wani zai ce wannan ai ɓata lokaci ne. A'a. Ku dubi mudu a kasuwa. Mudu ba ƙarfen ne darajarsa ba, yardar mutane ce. In dillali ɗaya ya ƙera nasa a ɗaki ya fito ya ce da wannan za a auna, ko daidai ne ba za a yarda ba. Amma in an zauna, mai saye da mai sayarwa da sarkin kasuwa kowa ya duba ya jijjiga, to ranar da rigima ta tashi akwai abin da za a koma wa. Shi ya sa kalmar "buɗaɗɗiya" take da nauyi. Ma'anarta takardar ƙa'idar tana fili, kowa zai iya saukewa ya karanta kyauta, ya gina nasa sashen ba tare da ya nemi izinin wani kamfani ba. Ɗalibi a Jami'ar Bayero, ko a Wudil, ko mai bincike a tashar Kadawa ta Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, zai iya rubuta sashen da ya san shinkafar Kura da ƙasar Bunkure, ya ɗaura shi a jikin manhajar da aka yi a Holan.

Kuma ba OpenMI kaɗai ba ce. A Jami'ar Kolorado ta Amurka an fito da wata mai sauƙi, BMI, wadda ta ce kowane sashe ya iya abubuwa kaɗan: ya tashi, ya matsa gaba taki ɗaya, ya bayar da lamba, ya karɓi lamba, ya rufe. Masu ƙera motoci ma suna da tasu, FMI, wadda zubinta na farko ya fito a 2010, don mai yin birki da mai yin inji su gwada kayansu tare a kwamfuta kafin a narka ƙarfe. OGC ɗin nan kuma a 2012 ta amince da WaterML, ƙa'idar rubuta bayanan awon ruwa, don abin da aka auna a wannan tasha ya karantu a waccan. Gaskiya ba kowace manhaja ce ta karɓi waɗannan ƙa'idoji ba, kuma kasancewarsu fiye da ɗaya ma wani aiki ne. Amma alƙiblar ɗaya ce.

To yanzu kada in sayar muku da abin da ba shi ba. Ƙa'ida ba ta yashe kanal. Ba ta cire kacalla. Ba ta hana wanda yake farkon layi ya toshe ruwa da buhun ƙasa da daddare. Kuma kwamfuta abin da ka ba ta shi take dafawa, in ka zuba tsakuwa ba za ta sauke maka tuwo ba. In babu mai karanta ma'aunin ruwa a bakin ƙofa kullum ya rubuta, in manhaja tana zaton kanal a share yake alhali ciyawa da yashi sun cinye rabinsa, to lissafi zai fito tsaf, gona kuma ta bushe tsaf. Lissafin da bai san da Baffa ba ke nan.

Amma ga abin da ƙa'idar take iya yi, kuma ba ƙarami ba ne. Na ɗaya, tana hana a riƙa biyan kuɗin abu ɗaya sau uku. Mun saba gani a ƙasashe irin namu: aiki ya zo da kuɗin bashi, a ɗauko ƙwararru, su gina kwaikwayon kogi, aiki ya ƙare, su tafi da kwamfutarsu, bayan shekara biyar wani aikin ya zo a fara daga farko. In da sassa ne masu bin buɗaɗɗiyar ƙa'ida, na baya zai ɗora a kan na gaba. Na biyu, tana ba da damar a canza sashe ɗaya. A 2016 da tsutsar nan ta cinye tumatir, ko shekarar da kowa ya koma shinkafa saboda farashi, buƙatar ruwa ta canza. Sashen shuka kawai za a cire a sa wani, ba sai an rushe ginin duka ba. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, tana sa a iya binciken lissafi. In mutumin Nguru ya ce Kano ta shanye ruwa, mutumin Kura ya ce ai mu ma bai ishe mu ba, to a buɗe sassan a ga wa ya ba wa wa, nawa, yaushe. A yi musu a kan lamba, ba a kan zargi ba.

Kun san a 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran ayyukan ban ruwa, kuma an saka namu na Kogin Kano a ciki, tare da na Haɗeja da Bakolori da wasu. Babban abin da shirin ya ƙarfafa shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, wato manoma su riƙe ƙananan kanal da kansu, su tara kuɗin ruwa, su yi gyara. To wanda aka ce ya biya kuma ya riƙe, yana da haƙƙin ya ga mudun da ake auna masa.

Saboda haka ga roƙona, kashi uku.

Shugabannin ƙungiyoyin ruwa, ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowace rana a rubuta: ƙarfe nawa ruwa ya iso farkon layi, ƙarfe nawa ya iso ƙarshe, ina ya kai a jikin ma'auni, wa ya shuka me, eka nawa. A rubuta ma'aunin a gefen kowace lamba, eka ce ko hekta, awa ce ko kwana. Wannan littafin shi ne abincin kowace manhaja, kuma shi ne hujjarku ranar taro.

Ɗalibanmu na injiniyan noma da na kwamfuta, in za ku yi aikin kammala karatu, kada ku rubuta abin da zai mutu a cikin kabad. Ku nemi takardun BMI ko OpenMI a intanet, kyauta ne, ku ɗinka wa aikinku rigar, ku ajiye shi inda na bayanku zai samu. Ƙaramin sashe mai kyau da ya san shinkafar rani a Kura ya fi ƙaton aiki da ba wanda zai iya buɗewa.

Masu sa hannu a kwangila kuma, ranku ya daɗe, in za a kawo masu gina kwaikwayon kogi, a sa a cikin yarjejeniya: da wace buɗaɗɗiyar ƙa'ida za a gina, a hannun wa bayanan za su zauna, kuma su wa za a koya wa a nan gida. Tun ran gini ran zane.

Na koma wurin Baffa kwanakin baya, na yi masa wannan bayanin duka, da inci uku da mudu da komai. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "To na ji. Su Turawan shekara goma sha biyu suka yi kafin su yarda da mudu ɗaya?" Na ce e, Baffa. Ya ce, "Ashe ba mu kaɗai ne masu taurin kai ba." Ya yi dariya, sannan ya ce in sayo masa littafin, jikansa zai riƙa rubutawa. Na sayo. Shafin farko an rubuta ranar Talata, ruwa ya iso ƙarfe biyu da kwata.

Nan za mu dakata a yau. Wanda yake ƙarshen layi a yankinsa, ya rubuto mana a ƙasa ƙarfe nawa ruwa yake iso masa, da sunan yankin kawai, ba sai da sunan kowa ba. Za mu tattara mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A tura wa wanda ya kamata ya ji. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalamu alaikum.